Takardar murabus da ban miƙa ba

Kun saba ganin hannuna a wannan shafi ne idan akwai sanarwar taro, ko rasuwa, ko haihuwa, ko kuma tuni a kan kuɗin wata. Na san akwai masu wucewa da sauri in sun ga sunana, don sun san bashi nake bi. To ku kwantar da hankalinku, yau ba bashi na zo bi ba. Na nemi izinin Shugaba in faɗi wata magana da ta daɗe a cikina, kuma abin da ya faru a taronmu na Lahadin da ta wuce shi ya sa na ga lokacinta ya yi.

Waɗanda suka zo sun gani. Da aka nemi masu zuwa duba marasa lafiya a asibiti, hannu uku aka ɗaga a ɗakin da ya cika maƙil. Da aka zo maganar hoton wa za a sa a saman kalandar baɗi, sai da muka kusa cinye awa guda, har wasu suka tashi tsaye suna nuna juna da yatsa. Ina zaune ina rubutawa, ban ce uffan ba. Kada wani ya ɗauka na yi shiru ne don na fi kowa. Na yi shiru ne don na san ciwon, na taɓa yin sa, kuma nawa ya fi na kowa muni tun da ni ɓoye shi na yi.

A bikin godiya na ƙarshen shekarar 2020, mai gabatarwa ya tashi ya yi wa kowa godiya. Ya kira Shugaba, ya kira Ma'aji, ya kira Zumuntar Mata, ya kira matasan da suka jera kujeru, har mai janareta sai da ya samu tafi. Sakatare kuwa, shiru. Ni ne na rubuta takardun gayyata, ni na yi ta zirga-zirga tsakanin Mokola da Ojoo ina raba su, ni na kwana biyu ina haɗa lissafi. Mantuwa ce kawai, yaron ma ya zo ya ba ni haƙuri daga baya, na ce masa ba komai. Ƙarya nake yi, akwai komai. A wannan taron ne kuma, kafin a ci abinci, wani dattijo daga cikinmu, mai gadi ne a wani gida, ya tashi ya ce shi bai gane inda kuɗin ƙungiya suke tafiya ba, ya kuma kalle ni da kyau lokacin da yake faɗa. Alhali kuɗi ba a hannuna suke ba, littafi kawai nake riƙewa.

Da na koma gida a daren na zauna na rubuta takardar murabus. Na tsara ta sosai, na sa kalmomi masu nauyi, irin waɗanda in an karanta a taro kowa zai sunkuyar da kai. Na ninke ta na sa a bayan littafin bayanan taro, ina jiran ranar da za ta fi yin ciwo. A makonnin da suka biyo ina zuwa sujada, ina waƙa, ina ba da baiko, amma zuciyata kamar an ɗora mata dutse. Fasto yana wa'azi, ni kuwa ina lissafin wanda ya gaishe ni da wanda bai gaishe ni ba.

Ana cikin haka sai rikicin kasuwar Sasa ya ɓarke a watan Fabrairun 2021. Ba sai na ba ku labarinsa ba, da yawanku kuna wurin. Kasuwar da tumatir da attaruhu da albasa suke sauka daga Arewa ta koma toka a wurare da dama, an yi asarar rayuka, an ƙona shaguna da gidaje, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar ya sa dokar hana fita, wasu gwamnonin Arewa suka zo jaje. Mu da muke Hausawa kuma Kirista mun san yadda irin wannan rana take. Wuta ba ta tambayar mutum wane ɗakin ibada yake shiga. Harshenka da kamanninka su ne katinka.

Shugaba ya kira ni ya ce in je in rubuto sunayen 'yan ƙungiya da suka yi asara. Na ɗauki littafi da biro na fita, kuma in faɗi gaskiya, har da ɗan jin kai a ciki, wai yanzu ne za su san amfanin Sakatare. Aka kwatanta mini inda wata uwarmu ta Zumuntar Mata ta fake. Ba zan faɗi sunanta ba don ba za ta so ba, amma kun san ta, gwauruwa ce daga wajen Malumfashi, ta yi shekaru tana sayar da tuwo da miyar kuka ga 'yan dako. Rumfarta ta ƙone ƙurmus, da tukwane da buhun masara da ta sayo a makon. Wata Bayarabiya da suka daɗe suna ciniki ita ta buɗe mata ɗaki a gidanta.

Na same ta a tsakar gidan tana tuƙa tuwo a tukunyar aro. Kusa da ita ga wata mata Musulma da yara huɗu a kan tabarma, maƙwabciyarta ce a kasuwa, mijinta bai riga ya bayyana ba a lokacin. Na gaishe ta na ce, “Mama, sannu da wannan abu. Na zo in rubuta abin da kika yi asara.”

Ta ce, “Sakatare, zauna tukuna ka ci tuwo.”

Na ce ina sauri. Ta ce to in buɗe littafin. Sai ta shiga jero mini mutane: wane an ƙona masa baro, wance ba ta da ko zanen canji, yaron nan mai turin ruwa ya ji rauni a ƙafa ba wanda ya duba shi. Wasu 'yan ƙungiya ne, wasu ba mu taɓa ganinsu ba. Na cika shafi guda. Na ce, “Mama, ke fa?” Ta dube ni ta yi dariya, dariya ta gaske har da riƙe ciki, ta ce, “Ɗana, ni ai ga ni tsaye. Hannuna biyu suna nan, muciya kuma an ara mini. Ka sa ni a ƙarshe in takarda ta rage.”

Wannan dariya ita ta hana ni barci. Da ta yi kuka da na san abin da zan yi da ita, in rarrashe ta, in rubuta sunanta, in tafi ina jin na yi aikin Allah. Amma ga mace ta rasa jarinta na shekaru, tana kwana a ɗakin aro, kuma ta fi ni farin ciki, ni da ke da albashi da ɗaki biyu da takardar difiloma a cikin akwati. Ban ce ba ta jin zafi ba. Daga baya matata ta gaya mini ta gan ta tana share hawaye a wajen addu'ar mata. Amma zafin bai cinye ta ba, akwai wani abu a ƙarƙashinsa da wutar ba ta kai gare shi ba.

Bayan kwana biyu na koma na tambaye ta kai tsaye. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta ce marigayi mijinta yakan karanta mata wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Filibiyawa da dare, har ta kusa haddace ta. Ta ce in je in karanta, in bar damunta tana aiki.

Na sha jin wa'azi daga wannan wasiƙa tun ina yaro, amma ban taɓa zama na karanta ta daga farko har ƙarshe a zama ɗaya ba. Sura huɗu ce kawai, ba ta kai tsawon bayanan taronmu guda ba in an yi gardama. Abu na farko da ya kama ni shi ne inda aka rubuta ta. Bulus a ɗaure yake, bai san ko sakinsa za a yi ko kashe shi ba, amma maganar murna da farin ciki ta fito a cikinta fiye da sau goma. Har ya ambaci cewa akwai masu wa'azi saboda kishi da neman suna, don su ƙara masa baƙin ciki a kurkuku, ya ce shi wannan ma bai dame shi ba muddin ana shelar Almasihu. Na tsaya a nan na daɗe. Mutum ana neman ƙwace masa suna yana murna, ni kuwa an manta sunana sau ɗaya a lasifika na yi wata biyu ina ciwo.

Sai na koma sura ta 16 ta Ayyukan Manzanni don in ga yadda wannan ikkilisiya ta fara, sai na ga ashe irinmu ce. Filibi birni ne a ƙasar Makidoniya. Wadda aka fara ambata ta ba da gaskiya a can, Lidiya, ba 'yar garin ba ce, 'yar kasuwa ce daga Tayatira mai sayar da tufafi masu tsada, neman abinci ya kai ta, kamar yadda ya kawo mu Ibadan. Da aka yi mata baftisma, abin da ta fara yi shi ne buɗe gidanta ga baƙi. A garin ne aka yi wa Bulus da Sila dūka aka jefa su kurkuku, suka yi ta waƙa da tsakar dare, kuma mai tsaron kurkukun da kansa ya zo ya wanke musu raunuka. Ikkilisiya ce ta 'yar kasuwa da ma'aikacin gidan yari da iyalansu. Su ne kuma suka tara gudummawa suka aika wa Bulus ta hannun Abafroditus, wanda ya yi ciwo har ya kusa mutuwa a kan wannan aike.

Kuma su ma suna faɗa. A sura ta 4 Bulus ya kira mata biyu da sunansu, Afodiya da Sintiki, ya roƙe su su shirya. Bai faɗi abin da ya haɗa su ba. Ni dai da na karanta na ce ƙila maganar kalanda ce. Saboda irin wannan ne a sura ta 2 ya gargaɗe su a kan sonkai da neman girma, ya ce kowa ya ɗauki ɗan'uwansa ya fi shi, ya kuma kula da bukatar wani ba tasa kaɗai ba. Hujjar da ya kawo ita ce Yesu da kansa, wanda yake daidai da Allah amma bai riƙe wannan matsayi gam ba, ya sauko ya zama kamar bawa, har ya mutu a kan gicciye. A da ina jin wannan wuri kamar doka ce mai nauyi da aka ɗora mana, wato ka ƙuntata wa kanka don Allah ya ji daɗi. A wannan daren na ga ashe sauke kaya ne. Mutumin da kullum yake gadin sunansa ba ya hutawa, ko barci yake kunnensa yana waje. Mama ba ta gadin komai. Ta riga ta san wanda ya san sunanta, shi ya sa ta iya cewa a sa ta a ƙarshe.

Karatu dai ba wuya. Gwajin ya zo ne da damina. Aka buga mini waya da asuba wai an tsinci wani ɗan ƙungiya a ƙofar gidan da yake gadi, ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hawan jini ne da bai san yana da shi ba. Da na tambayi ko wane ne, sai aka ce Baban nan ne da ya tashi a taro a kan maganar kuɗi. Ba shi da kowa a Ibadan, iyalinsa suna ƙauye. Ba ya jin Turanci, Yarabancinsa kuma na gaisuwa ne.

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin da ya fara zuwa zuciyata ba addu'a ba ce. Cewa na yi a raina, ai ga masu gaskiya nan da yawa a ƙungiya, su je. Na zauna a bakin gado riƙe da waya. Matata ta ce, “Baban yara, in za ka je ka tashi, in ba za ka je ba ka kwanta ka bar ni in yi barci.” Na tashi.

Duk wanda ya taɓa jinya a asibiti ya san aikin mai jinya: kai ne mai sayo magani, kai ne mai zuwa biyan kuɗi, kai ne mai kai jini ɗakin gwaji, kai ne tafinta tsakanin likita da marar lafiya, da dare kuma ka shimfiɗa kwali a baranda sauro ya yi ta kanka. Mako na farko ni da wasu matasa biyu muka riƙa karɓa-karɓa. In na tashi daga aiki sai in wuce can. Baba ba ya iya riƙe cokali, sai a ba shi kunu a baki. Ba ya iya zuwa bayan gida da kansa. Ranar farko da na ɗaga shi na goge masa jiki na canza masa wando, ya juya fuskarsa bango. Na gane kunya ce, dattijo ne da ya haifi kamata. Na ce, “Baba, ka ɗauka ɗanka ne.” Bai amsa ba, bakin ma ya karkace.

A dare na huɗu ko na biyar, wajen ƙarfe biyu, ina wanke masa ƙafa da ruwan ɗumi don na ga ta kumbura, sai na ji ina rera waƙar sujada ƙasa-ƙasa ban ma san na fara ba. Ba wanda yake kallona, ba wanda zai sa wannan a bayanan taro tun da ni ne mai rubutawa. Na nemi dutsen nan da ke kan zuciyata tun Disamba na rasa. Na tuna daren da Ubangiji ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, a sura ta 13 ta Yohanna, har da ƙafar wanda ya san zai bashe shi. Ban ce na yi kama da shi ba, Allah ya kiyaye ni da wannan magana. Amma na ɗanɗana wani abu da ban taɓa samu a babban tebur ba, kuma ban san wani suna da zan ba shi ba in ba farin ciki ba.

A nan zan ɗan tsaya, don akwai wa'azin da ya yi yawa a zamanin nan wanda ban yarda da shi ba, wai ka ba da ɗaya Allah ya mayar maka da ɗari kafin wata ya ƙare. Kuɗin da na kashe a jinyar Baba, ban da abin da ƙungiya ta bayar, ba su dawo ba. Ba a ƙara mini girma a wurin aiki ba, an ma ja mini kunne a kan makara. Mama ta sake kafa rumfa, amma har yau ba ta kai inda take a da ba. Wanda ya yi wa wani alheri yana jiran riba, ciniki ya yi, kuma in ribar ta yi jinkiri zai koma ya fi da ɗaci. Bulus bai ce Filibiyawa za su yi arziki ba. Shi kansa ya ce ya san ƙoshi ya san yunwa, ya kuma koyi zama da kowanne.

Akwai kuma darasin da matata ta koya mini, wanda ya fi na asibitin zafi. A mako na biyu na dawo gida da safe ina jin kaina kamar wani waliyyi, sai na tarar ƙaramar 'yarmu ta kwana da zazzaɓi, uwarta ita kaɗai ta yi ta fama. Ta ce mini, “Mu ma fa mutane ne. Ko sai mun shiga ƙungiya za ka gan mu?” Na buɗe baki zan kawo mata aya, Allah ya taimake ni na rufe. Gaskiya ta faɗa. Shekaru ina yi wa ƙungiya hidima ina barin ta da gida, kuma in na bincika da kyau, wani ɓangare na hidimar don a gani ne, a gida kuwa ba mai tafi. Mutum yana iya sa kowa a gabansa ya bar na kusa da shi a baya, kuma wannan ma sonkai ne, riga kawai ya canza. Daga ranar na je na zauna da Shugaba muka tsara jerin masu kwana, kowa dare ɗaya. Wannan jeri shi ne asalin wanda muke faɗa a kansa yanzu.

Da Baba ya ɗan samu sauƙi likita ya ce a kai shi gida. Ni da wani matashi muka raka shi. Kun san hanyar: Oyo, Ogbomoso, Ilorin, a haye Kwara a Jebba, Mokwa, Bida, a fito Suleja, Kaduna, Zariya, Funtuwa. Kwana muka yi a hanya muna tallafe da shi. Da muka isa, tsohuwar matarsa ta fito ta durƙusa tana godiya, na rasa inda zan sa kaina. Shi kuwa Baba bai taɓa ce mini in yafe masa maganar taro ba, ƙila ma ya manta ya yi ta. Da za mu tafi ya kama hannuna da hannunsa na hagu ya daɗe bai saki ba. Ya rasu bayan Kirsimeti na shekarar.

Takardar murabus tana nan a bayan tsohon littafin. Ban yaga ta ba. Nakan buɗe ta wani lokaci in na ji abin yana neman dawowa, don yana dawowa. Ko a Lahadin nan, da ake gardamar kalanda, na kama kaina ina tunanin ai Sakatare ma ya kamata hotonsa ya fito a layin sama.

Yanzu haka muna da mutum biyu a kwance, wani matashi ɗan acaba da ya karye a cinya, da wata uwa da aka yi wa aiki. Dukansu ba su da dangi a nan. Daren Talata da na Juma'a ba kowa a jerin, ranar Asabar kuma ana bukatar mace da za ta taimaka wa uwar da wanka. Mama ta riga ta ce za ta riƙa aika kunu kowace safiya, mai kaiwa ake nema. Littafin yana wurina, kuma ina nan a bakin ƙofa bayan sujada ranar Lahadi.